Zafin Madrid da tseren takalma masu tsini

Duk wanda ya ce maka Turai sanyi ce bai taɓa zama a Madrid farkon watan Yuli ba. Ni Basakkwace ne, na san rana, amma mu can muna ba ta girmanta: azahar na yi kowa ya nemi gindin dogon yaro. Su kuwa nan, daidai lokacin da zafi ke haura digiri 35 suke fitowa bikin Orgullo, na masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Lokacin bikin an gaje shi ne daga boren Stonewall da masu neman jinsi ɗaya suka yi wa 'yan sanda a New York ƙarshen Yunin 1969, babu wanda ya tambayi rana ra'ayinta.

Gidan abincin da nake aiki yana unguwar Chueca, cibiyar bikin. Satin na kamawa mai gidan ta ɗora ni kan teburan waje, wai tunda daga Afirka nake ai wannan ba komai ba ne a wurina. Na ce, "Madam, a garinmu ko jaki ba ya yawo a irin wannan lokaci." Ta yi dariya ta miƙo mini bokitin ƙanƙara.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne tseren titin Pelayo. Ƙarti majiya ƙarfi ne ke sa takalman mata masu tsini su yi gudu, wasu har da ɗaure takalmin a ƙafa da salatif. Wani mai gemu ya gama ya faɗo kan kujerarmu yana haki, kwalli ya gangaro masa har haɓa, gashin kanti ya karkace gefe guda. Bai ce uffan ba, ya tuɓe gashin, ya damƙi ƙanƙara ya cika shi, ya mayar kansa. Wallahi ban taɓa ganin dabara irin wannan ba, har sai da na sara masa.

Babban jerin gwanon na Asabar daga Atocha yake tashi zuwa dandalin Colón, da yamma, wai an jira rana ta yi sanyi. Wace rana? A nan sai wajen goma na dare ake magariba, kwalta kuma tana ta amayar da abin da ta sha tun safe. Ƙasar Sifaniya ta halatta auren jinsi tun 2005, don haka har tsofaffi da jikoki za ka gani a bakin titi, kowa da maficinsa, ƙaf-ƙaf-ƙaf.

Ni ma dai na sayi nawa. Masu launin bakan gizo, alamar 'yan bikin, kaɗai suka rage a wurin mai tallar, kuma iska ce da shi ba wasa. Sai dai in Inna ta kira ni ta bidiyo, ƙarƙashin matashi nake tura shi, don ba ni da ƙarfin dogon bayani a wannan zafin.