Awon iskar oksijin a wata fadama ta Haɗeja

Masuntan da ke gefen kogin Haɗeja sun daɗe suna cewa a bazara karfasa kan taso saman ruwa da asuba tana hamma. Wannan magana ce ta sa na ɗauki kwalabe na nufi wata fadama da kacala ta cinye gefenta, domin in auna iskar oksijin da ta narke a ruwan.

Hanyar Winkler na bi, wadda Lajos Winkler ɗan ƙasar Hungari ya fito da ita a 1888. Ba ta buƙatar lantarki, kuma a ƙauye wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ana nutsa kwalba mai cin mililita 300 a hankali har ta cika ta tumbatsa, a toshe ta a cikin ruwan. Ko kumfar iska ɗaya ta maƙale a wuya, a zubar a sake. Nan take, ƙafa na cikin taɓo, ake zuba sinadarai biyu, manganis salfet da ruwan alkali mai ayodaid, don idan aka jira sai an isa gari, ƙwayoyin halittar da ke cikin kwalbar sun riga sun taɓa iskar.

Daga nan ido ma yana ba da labari. Ruwan da na ɗeba da la'asar, dusar da ta kwanta a gindin kwalba ja-ja ce mai duhu. Na asuba, daga wuri guda, kusan fara ta fito, alamar iskar ta yi ƙaranci. Da na zuba asid dusar ta narke, na farko ya koma kamar shayin da ya ji ganye, na biyu kuwa ɗorawa-ɗorawa kawai. Sai a riƙa ɗiga sinadarin sodiyam tayosalfet har launin ya kusa ɓacewa, a sa sitaci ya yi shuɗi, a ci gaba har ya washe tas. Yawan abin da aka ɗiga shi ne awon.

Dattijon da ya ara mini kwalekwale ya leƙa kwalaben ya ce, "Ɗana, ai ruwa ɗaya ne." Na ce, "Ɗaya ne, Baba, lokacin ɗiba ne ya bambanta." Da rana gansakuka da ciyayin ruwa suna fitar da oksijin. Da dare sun daina, amma su da kifi da ruɓaɓɓiyar kacala duk suna ci gaba da shaƙa har gari ya waye. Shi ya sa ban yarda da duk rahoton da ya ba da lamba ba tare da ya faɗi ƙarfe nawa aka ɗebi ruwan ba.

Zafi ma yana da nasa. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin a lita, a digiri 30 kuwa bai wuce 7.5 ba, alhali yawancin kifaye sun fi walwala idan awon ya kai 5. Tarwaɗa ba ma'auni ba ce, tunda tana da gaɓar da take shaƙar iskar sama da ita. Ganinta lafiya lau ba ya nufin ruwan lafiya yake.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ruwan farkon damina, lokacin da ambaliya ke kwaso kashin shanu da shara ta juye a fadama. Ruɓewarsu tana cinye iskar cikin 'yan kwanaki, don haka a wannan makon da asuba nake fita awo.