Talata a Yamai: minsharin Baba

Zafi tun da sassafe. Shayi a tsaitsaye, taksi, sai layin asibiti.

Mu dai ciwon ƙirji ya kawo su Baba da Inna daga Tawa, wanda ke kama Baba in ya yi sauri zuwa masallaci. Likita ya duba takardu, ya ce jijiyoyin da ke ciyar da zuciyar da jini sun fara cushewa da kitse. Sai kawai ya juya wajen Inna: "Hajiya, Alhaji yana minshari?"

Da ƙyar na danne dariya. Wa bai san minsharin Baba ba? Da bazara in ana kwana a tsakar gida har maƙwabta ji suke, Auta kuwa ta iya kwaikwayonsa tsaf. Inna ta ja mayafi, ga ni zaune, ga kunya. Ta ce, "Yana yi."

"Yakan yi shiru a tsakiya?"

Ta daɗe ba ta amsa ba. Can ta ce, "Yakan ɗauke ɗif, har sai na taɓa ƙafarsa, sannan ya zabura ya ja numfashi kamar wanda aka shaƙe." Tun yaushe? Wai tun kafin bikin Yaya. Ba ta taɓa gaya wa kowa ba.

Likitan ya yi bayani dalla-dalla, Allah ya saka masa. In barci ya yi nauyi naman maƙogwaro kan saki ya rufe hanyar iska. In tsayawar ta kai daƙiƙa 10 ana lissafa ta. Sau 5 a awa an shiga ciwo, in ta haura 30 ya yi tsanani. Duk tsayawa iskar oksijin na raguwa a jini, jiki ya firgita, zuciya ta hau gudu, tansiyo ya tashi. Mai lafiya jininsa kan sauka da dare, jijiyoyi su huta. Na mai wannan ciwo ba ya sauka, bangon jijiya ya yi ta jin rauni, kitse ya samu wurin maƙalewa. Ya ce shi ya sa wasu ke shan maganin hawan jini kala uku ba ya ji. Gyangyaɗin da Baba ke yi a fada ana tsokanarsa, da ciwon kan safe, duk tafiyarsu ɗaya.

Baba ya ce, "Likita, ni ban taɓa jin kaina ina minshari ba."

Za a yi masa gwajin barci. In ya tabbata, sai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci. Da dare na duba a waya: wani babban bincike na 2016, mutum sama da 2,700 masu ciwon zuciya ko na jijiyoyin ƙwaƙwalwa, na'urar ta rage minshari da gyangyaɗi amma ba ta rage haɗarin kamuwa da ciwon bugun zuciya ba. Sai dai a matsakaici awa 3 da 'yan mintoci suke sawa a dare. To mu da ake ɗauke mana wuta tsakar dare fa? Kuma Baban da ko tabarau ba ya jurewa?

Raina a jagule. Inna nake ta tunani, shekaru tana kwana da kunne ɗaya.

Gas ya ƙare, sai dambu na sayo. Yaya ta kira sau biyu ban ɗauka ba, gobe na yi mata bayani.