Kafin ka saɓa rikoda ka nufi filin waƙa

Ƙannena masu shigowa aikin rediyo, shekara guda na yi ina bin tarukan kiɗa da waƙa a birnin Kano, tun daga majalisin sha'irai da gala har kiɗan fada a Ƙofar Kudu lokacin hawan Sallah. Da yawa daga cikin abin da na naɗo bai hau iska ba, kuma laifin nawa ne, ba na mawaƙan ba. Ga wuraren da na yi tuntuɓe.

Babban kuskurena shi ne tsayawa a bakin lasifika, wai nan sauti ya fi fita. Kowace rikoda tana da iyaka, wato sifili a ma'aunin ƙarfin sautinta, wanda ake kira dB, kuma duk abin da ya haura nan fashewa yake yi, gyaransa kuwa a kwamfuta sai dai a rage zafi. Ka ja baya kamar taku goma sha biyar zuwa ashirin, ka tsaya tsakanin lasifikokin biyu, ka saita ƙarfin naɗi yadda mafi ƙarar kiɗa ba za ta wuce -12 ba, wato sha biyu ƙasa da sifilin. Wannan ratar ita za ta cece ka idan aka fara liƙi, masu kalangu suka ɗauki zafi, jama'a suka ɓarke da shewa. Sannan ka kashe tsarin nan da rikoda ko waya ke daidaita ƙara da kanta. Duk bugun ganga sai ya danne muryar mawaƙi, da an ɗan yi shiru kuma ya ɗago surutun 'yan kallo.

Karɓar sauti kai tsaye daga miksa, na'urar da ke haɗa sauti kafin ya je lasifika, ya fi tsabta, amma yana da nasa tarkon. Abin da ke fitowa daga miksa ya fi na makirfo ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ka cusa shi a ramin makirfo na rikodarka, ka ɓata aikin tun ba a fara ba. Ka nemi ramin da aka rubuta wa Line. Na biyu, miksa ba ta san da abin da ba a sa wa makirfo ba. A yawancin wasanninmu murya da fiyano ne kawai ke bi ta cikinta, su kalangu da kotso da 'yan amshin da ke gefe kuwa iska ce ke kai su kunnen jama'a. Sai ka dawo tasha da waƙa tsirara, babu kiɗa babu taro. Maganinsa naɗi biyu: ɗaya daga miksa, ɗaya da makirfo a fili, ka haɗa su wurin tacewa. Amma ka tuna sauti yana tafiyar mita 340 ne a daƙiƙa, don haka makirfon da ke mita 34 daga dandamali zai makara da kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa. Idan ba ka ja shi ya hau kan ɗan'uwansa ba, waƙar za ta riƙa amsa kuwwa.

Kada ka jona rikoda a wutar janaretan taro. Gunjin nan da ke bin ƙarƙashin sauti daga nan yake shigowa, kuma da janareta ya shaƙe fayil ɗinka na iya lalacewa. Batir sabo, da wani a aljihu. Naɗin WAV, wato fayil ɗin sautin da ba a matse ba, a saitin 48 kHz da 24-bit a layi biyu na hagu da dama, yana cin kusan gigabait ɗaya a awa, saboda haka katin 16 GB ya wadatar, muddin ka kwashe na jiya. Wayarka kuma ka kashe mata layi, don kiran da zai shigo yana barin ƙara a naɗi. Da hunturu ka rufe makirfo da soso ko murfinsa mai gashi, saboda iska da ƙura.

Ka isa da wuri, ka gaisa da mai miksa da mutunci, don rabin aikinka a hannunsa yake. Ka tambaye shi ko mawaƙin da bakinsa zai rera ko mamin zai yi, wato motsa baki kawai a kan waƙar sitidiyo. Idan mamin ne, kada ka gaya wa mai sauraro cewa kai tsaye aka rera.

Izinin naɗa da na sakawa a iska ka neme shi wurin mawaƙin ko manajansa kafin a fara. Bayan an tashi ba za ka same shi ba. Kuma ka saurari duk abin da ka naɗo da kunnen edita: zambo da habaici da kirarin 'yan siyasa da sanƙira ke cusawa suna wucewa a fili, amma idan suka hau iska tasharka ce za ta amsa tambayar NBC, hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne sunaye. Na sha gabatar da waƙa da sunan mawaƙi shi kaɗai, alhali mai kalangu da 'yan amshi su suka ɗauke ta. Ka je bayan dandamali da biro, ka rubuta sunan kowa da abin da yake kaɗawa, ka faɗe su a shirinka.

Sai kunnenka. Ƙarar da ta kai dB 100 a ma'aunin ƙarar fili, ba na rikoda ba, kwata ɗin awa ya isa ta fara yi wa ji illa, kuma gaban lasifikar gala yakan kai haka. Idan ka koma gida kunne yana yi maka ƙara, ya riga ya jigata. Ka sayi abin toshe kunne na soso, ka murza shi ya sirance, ka ja kunnen sama da ɗaya hannun, ka tura shi, ka riƙe har ya kumbura ya cika ramin.