Shekara tara a kan titin Haɗeja

Jiya na miƙa makullin durowata da rajistar aji, na yi sallama da makarantar da na koyar da lissafi shekara tara. Abokan aiki da kuka ce in rubuta wani abu, ga shi, sai dai ku yi haƙuri, yawancinsa zancen hanya ne.

Kun san daga inda nake tasowa. Ƙauyenmu yana bayan Gezawa. Ina idar da sallar asuba ɗan acaɓa zai fito da ni bakin titi (mu a karkara har yau yana nan, cikin birni ne aka hana shi tun Janairun 2013), in hau Golf ko Hayis, mu bi ta Jogana da Gunduwawa da Tokarawa mu sauka a Yankaba, sannan A Daidaita Sahu ta ƙarasa da ni. Huɗu a baya, biyu a gidan gaba, kwandon tattasai a kan ƙafarka, kuma ba ka isa ka yi ƙorafi ba don shi ma an biya masa kuɗin mota.

Abin da har yau yake ci min rai ya faru ne a ƙarshen zango na uku, 2023. Wata biyu ke nan da cire tallafin mai, litar da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya ninka, albashi kuwa ko motsi. Na kwana biyu ina makin har tsakar dare. Da yamma na ɗauko takardun jarrabawar aji uku a leda, na hau motar Ringim, na cusa ledar ƙarƙashin kujera, barci ya kwashe ni. Sai ji na yi ana cewa "Malam, an zo." Na dira na hau acaɓa. Ina alwalar magariba gabana ya yanke ya faɗi.

Laifina ne, ban taɓa musu ba. Amma na ƙara da wata wautar: da sassafe na wuce ofishin shugaba na faɗa masa gaskiya, ina zaton za a duba shekarun da na yi ba a taɓa ja min layi a littafin makara ba. Bai ce komai ba sai da aka taru a ɗakin malamai, sannan ya miƙe ya ce dama wanda yake zuwa aiki tare da awaki da kaji me za a jira daga wajensa. Wasu suka yi dariya, na kuma san su. Ya ce in zaɓa, ko aikin ko ƙauyen, alhali ya fi kowa sanin abin da yake biya na ba zai kama ɗaki a Dakata ba. Na ce, "Ranka ya daɗe, a ba ni kwana biyu." Aka ba ni takardar tuhuma, aka yanke rabin albashi.

Daga nan tasha na nufa. Wani dattijon ɗan kamasho da kullum nake wucewa da gaisuwar baki kawai ya zaunar da ni a benci, ya sa aka kawo min ruwa. Bai tambaye ni lambar mota ba, ya san ba wanda yake riƙewa. Cewa ya yi, "Wace kala? Me aka rubuta a bayanta? Direban yana da gemu?" Na ce ja ce, an ɗaure but ɗin da igiya, ƙofar baya sai ta waje ake buɗewa. Ya yi dariya ya zaro ƴar ƙaramar wayarsa mai ɗaure da kyauro. Kira uku ya yi. Washegari ledata ta dawo daga Ringim, an ƙara mata leda biyu saboda an kwana ana ruwa, ko takarda ɗaya ba ta jiƙe ba. Na miƙa wa direban tukwici ya ture hannuna. "Haba Malam, ni ma ƴaƴana suna makaranta."

Shugaba ya karɓi takardun ko kai bai ɗaga ba. Kuɗina ba su dawo ba, tuhumar kuma tana cikin fayil ɗina, wanda ya gaje ni zai iya dubawa.

Bayan haka ne na daina barci a mota, na fara kallo. Yaron motar da bai taɓa shiga aji ba yana riƙe canjin mutum goma sha takwas a ka, kowa da inda ya hau da inda zai sauka, ba ya kuskure ko naira hamsin. Na ɗauki wannan na kai allo. Yaran da x da y suke sa wa ciwon kai, da na mayar da tambayar ta koma kuɗin mota daga Jogana zuwa Yankaba da rabon direba da na mai mota, sai ga hannuwa a sama. Ku da kuka ga sakamakon ajina a shekara biyun nan kun san abin da nake nufi. Ba a taɓa tambaya ta daga ina na samo dabarar ba.

Sauran ba su da yawa. Jakar aiki a kan cinya take zama. In ka yi ɓarna, fara neman gyara kafin ka kai kanka ofis. Ranar ruwa ka fito da wuri. Ka riƙe ƙananan kuɗi. Ka san sunan ɗan kamashon tasharku.

Litinin zan fara aiki a wata makaranta kusa da gida, tafiyar minti goma a ƙafa. Yau da asuba kuwa ban ankara ba sai ga ni a bakin titi, ba jaka ba komai. Wata Hayis ta rage gudu, yaron motar ya leƙo yana buga ƙofa: "Malam, yi sauri, saura mutum ɗaya!"