Dala da maƙwabtansa

Jiya da la'asar na hau Dutsen Dala da ke cikin birnin Kano tare da ɗan ƙanwata. Kafin mu kai ƙarshen matakala ina haki, shi kuwa tuni ya haye yana ƙwala mini kira: "Kawu, zo ka ga wani can!" Goron Dutse yake nunawa, daga yamma.

Goron da muke faɗa yanzu, manya sun ce Gwauron Dutse ne, don yana tsaye shi kaɗai ba abokin zama. Baki ne ya gajarta shi. Dala kuwa sunan mutum ne, wanda aka ce shi ya fara kafa gida a wurin, kuma daga zuriyarsa Barbushe mai tsafin Tsumburbura ya fito. Jar ƙasar da ke ɓata mana takalmi, tama ce a cikinta. Ita ta jawo maƙera tun wajen ƙarni na 7, kafin zuwan Bagauda, sarkin Kano na farko, a 999.

Magwan da Fanisau ma duwatsun mutanen farko ne, amma yau ka tambayi yaro Magwan, unguwa zai nuna maka. Abin takaici, gidaje sun ci gindin Dala, zaizaya na cin samansa, ga ledoji ko'ina.