Na je Orkney ganin yadda ake tatsar wuta daga teku

Ni dai ɗan Katsina ne, ruwa mafi girma da na sani kafin in zo karatu Sikotilan shi ne dam ɗin Jibiya, to da malaminmu ya ce za mu je tsibiran Orkney mu ga inda ake gwada injinan da ke samar da lantarki da igiyar teku, ni na fara rubuta suna, ban ma tambayi yadda ake zuwa ba.

Daga Inbanes jirgin ƙasa muka hau zuwa Thurso, kusan awa huɗu, babu komai a hanya sai tumaki da tsaunuka. Daga nan Scrabster, inda jirgin ruwa ke ɗiban mutane har da motocinsu zuwa Stromness, awa ɗaya da rabi. Kai jama'a! Muna shiga mashigin Pentland jirgin ya fara rawa, cikina ya juya, shayin safe da burodin duk suka dawo, ina riƙe da ƙarfen baranda ina salati abokina ɗan Ghana yana ta min dariya wai ga injiniyan teku. An ce mu leƙa mu ga wani dogon dutse na tsibirin Hoy mai tsayin mita 137 da ke tsaye shi kaɗai a cikin ruwa, na ɗaga kai na gan shi sau ɗaya na koma ga ledata.

Amma fa a nan na fara gane karatun. Abin da ke ɗaga jirgi mai cike da tireloli kamar ƙwarya, ƙarfi ne na gaske, kuma dare da rana yake, ba ya jiran fitowar rana kamar sola.

Washegari aka kai mu Billia Croo, bayan garin Stromness kaɗan, filin gwajin EMEC, cibiyar makamashin teku ta Turai da aka kafa a 2003. Gaskiya na ɗan ji haushi da farko, na zaci zan ga manyan injina jere, sai na tarar da ɗan gini a bakin gaɓa, ciyawa, iska mai neman cire min hula, can nesa kuma alamomi na lilo a kan ruwa. Ashe aikin yana ƙasa. Kebul ne aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku har wajen kilomita biyu, kamfani ya kawo injinsa ya jona, wutar ta biyo ta shigo layin ƙasa.

A nan ne a 2004 aka jona Pelamis, wani jan ƙarfe mai kama da maciji, tsawon mita 120, gaɓa-gaɓa. Igiya ta zo ta lanƙwasa gaɓoɓin, su kuma su tura mai da ƙarfi ta cikin famfo, man ya juya janareta, kilowat 750. Dabara mai kyau wallahi. Na tambayi malam yanzu ina yake, ya ce kamfanin ya durƙushe a 2014, na wani injin mai suna Oyster ma da aka gwada a wurin ya bi sahu a 2015. Samar da wutar ba shi ne wahalar ba, ya ce, wahalar ita ce injin ya kai bazara da ransa. Ya nuna mana wani ƙulli na ƙarfe da aka ciro daga ruwa, tsatsa ta ci shi, ƙananan kifin kwasfa sun manne masa kamar ƙuraje, na sa farce na kankare ko gezau. Gishiri na ci, guguwar hunturu na duka, kuma in abu ya lalace sai ka yi hayar jirgi da masu nutso ka zauna jiran ranar da teku ta yi sanyi, kuɗi na ta tafiya.

Shi ya sa har yau yawancin wutar Orkney daga iska take, suna ma samar da fiye da abin da suke sha, ni da na taso da ƙarar janareta a kunne abin ya tsaya min a rai.

Da yake watan Yuni ne, magariba ba ta yi ba sai bayan goma na dare. Na yi sallah a masauki, na jiƙa garin kwaki, sannan na fita neman kantin da zan samu maganin jiri saboda jirgin komawa.