Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Kwantenar Kawu

Makon jiya na tsaya a dawowata daga Landan, bayan na gama digiri na biyu a kan dokar cinikayya ta ƙasa da ƙasa. Ko gajiyar hanya ban huce ba, Inna ta ce in shirya, Kawu na nemana a Kantin Kwari.

Na iske shi a shago, dilolin atamfa jibge har rufi, fuskarsa ba walwala. Na durƙusa na gaishe shi. Sai ya sa yaron shago ya warware turmi ɗaya a gabana. Turmin da ya kamata ya cika yadi shida, aka auna bai kai ba. Ya jiƙa bakin zanen ya murza, shuɗi ya zuba a tafin hannunsa.

"Barista, shekara da shekaru muna hulɗa da mutumin nan na Gwanzu a Chana, ko takarda ba ma yi. Bana ya kawo wata, na sa hannu. Ki kai mini shi gaban alƙali."

"Kawu, ku ba ni takardar in duba tukuna."

A shafin ƙarshe na ga abin da nake tsoro. An rubuta cewa duk saɓanin da ya taso, hukumar CIETAC ta Chana, mai sasanta rikicin kasuwanci a wajen kotu, ita ce za ta raba gardama. Najeriya ta shiga Yarjejeniyar New York ta 1958, wadda ta sa ƙasashe su zartar da hukuncin sasancin da aka yanke a wata ƙasa, tun 1970, Chana kuma a 1987, don haka hukuncin da aka yanke can yana iya biyo mutum har Kano. Dokarmu ta sasanci ta 1988, wadda aka sauya a 2023, ita ma ta ba kotu damar dakatar da ƙara idan akwai irin wannan sharaɗi.

Ranar na gode wa Allah da karatun Jami'ar Bayero, inda aka haɗa mana dokar Ingila da fiƙihun Malikiyya. Da na kawo wa Kawu zancen sashe kaza, da ya ɗauka boko ne ke ɗibata. Sai na tuna masa abin da ya karanta a zaure: mai saye yana da zaɓi idan ya tarar da ɓoyayyen aibi, kuma sharaɗin da mutum ya amince da shi yana kansa. Ya yi shiru, ya ce, "Haka ne, 'yar nan."

Raina yana ɓaci idan na ji ana cewa 'yan kasuwarmu sakaci gare su. Mutumin Kwari yana ba da kayan miliyoyi da fatar baki ne saboda akwai dillali, akwai shugabannin kasuwa, akwai masallacin da za a haɗu gobe da azahar. Matsalar ita ce babu ɗaya daga cikinsu da ke tsallaka teku. Shi ya sa nake yawan jawo musu aya ta 282 ta Baƙara, wadda ta ce a rubuta bashi.

Na yi lissafin kuɗin zuwa Chana da na lauyoyin can, na ga zai kusa cinye kwantenar. Muka kira mai binciken kaya ya rubuta rahoto, muka ɗauki hoton awo da na launi, na tsara wasiƙa mai zafi. Kawu ya hana a tura.

"Kada ki tozarta shi. Lokacin da na karye, shi ya ba ni kaya bashi."

Na sassauta harshe, na bar hujja a inda take. Muka zauna da tafinta ta manhajar WeChat. Mutumin bai taɓa furta cewa ya yi laifi ba, ni ma ban matsa ba, don na lura kunyar idon ma'aikatansa yake ji. Ya yarda da ragi a kan kwantena biyu masu zuwa, aka rubuta da Turanci da Sinanci, kowa ya sa hannu.

Kafin sallar layya, maƙwabtan Kawu na layi sun fara zuwa gidanmu da takardu a leda. Cikinsu akwai wata Hajiya mai sarin gwal a Dubai, kuma da labarinta za mu tashi mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.